Sa'o'i 6 tsakanin injin niƙa da ɗakin tiyata: Yadda ake mayar da hannun da ya guntule

Da zarar damina ta ɗauke a Kudancin Kaduna, ƙarar injuna ce ke maye gurbin ƙarar ruwan sama. Daga Kafanchan zuwa Zonkwa, daga Kwoi zuwa Kachiya, ana sussukar masara, ana casar shinkafa, ana ɓarzar hatsi, ana tsaga citta a baza ta a rana. A bakin gari kuma masu injin katako na nasu aikin. Da yawa daga cikin waɗannan injuna babu murfi a kan bel ɗinsu, kuma mai aiki yakan tura hatsi cikin bakin inji da hannunsa, domin haka ya tarar ana yi. Hannun riga ya ɗan saki, ko hankali ya tafi wani wuri na daƙiƙa guda, shi ke nan. Ban da inji akwai hatsarin mota da na babur, akwai kuma saran adda, wanda yankin ya san shi a gona, ya kuma san shi a hare-haren da ya sha fama da su.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Jama'a su taru, a ɗaure dungun da tsumma ko da roba, a ɗora mutum a kan babur a nufi asibiti mafi kusa. Hannun da ya faɗi kuwa, ko dai a manta da shi cikin ruɗani, ko wani dattijo ya naɗe shi a ƙyalle a je a binne, saboda Musulmi da Kirista duka suna girmama gaɓar ɗan Adam. Babu wanda za a ga laifinsa a nan. Ba a taɓa gaya wa mutanen ba ne cewa hannun nan bai riga ya mutu ba, yana da sauran wasu sa'o'i, kuma fiye da shekara 60 ke nan likitoci suna mayar da irinsa a jikin mai shi.

Yaron Boston da ma'aikacin Shanghai

Labarin ya faro ne a bakin layin dogo, abin da mutanen Kafanchan ba baƙonsu ba ne, tunda garin nasu ya bunƙasa ne a matsayin mahaɗar jiragen Fatakwal da Kaduna da Jos tun ƙarshen shekarun 1920. Ranar 23 ga Mayun 1962 wani yaro mai shekara 12 ya yi ƙoƙarin maƙale wa jirgin kaya a kusa da birnin Boston na Amurka, hannunsa na dama ya cire daga wajen kafaɗa. Aka kai shi Babban Asibitin Massachusetts. Wani matashin likita mai suna Ronald Malt ya jagoranci abokan aikinsa suka haɗa ƙashin, suka ɗinke hanyoyin jini, hannun ya sake ɗaukar ɗumi. Sai bayan wasu watanni aka koma aka ɗinke jijiyoyin da ke kai saƙo. Yaron ya girma yana aiki da hannun.

Ba a cika shekara ba, a watan Janairun 1963, aka kai wani ma'aikacin masana'anta Asibitin Jama'a na Shida da ke Shanghai a ƙasar Sin, inji ya datse masa hannun dama a saman wuyan hannu. Likita Chen Zhongwei da abokan aikinsa suka mayar masa da shi, ya warke har ya iya rubutu ya koma bakin aiki. A 1965 kuma likitoci biyu a Nara ta ƙasar Japan, Shigeo Komatsu da Susumu Tamai, suka mayar da babban yatsan da ya cire gaba ɗaya, ta hanyar ɗinke hanyoyin jini masu sirantaka a ƙarƙashin madubin tiyata mai ƙara girman abu. Duk sun ɗora ne a kan aikin Alexis Carrel, Bafaranshen da ya sami lambar Nobel a 1912 saboda dabarar ɗinke hanyoyin jini.

Akwai abin lura a labarin Shanghai. Ƙasar Sin ta 1963 ba mai arziki ba ce, kuma ba da kayan aiki irin na yau aka yi tiyatar ba. Hanyoyin jinin da ke wuyan hannu suna da kaurin milimita 2 zuwa 3, wato ƙwararren likita na iya ɗinke su da tabarau na musamman mai ƙara girma. Na yatsa ne, masu kaurin kusan milimita 1, ke buƙatar babban madubi. Saboda haka duk wanda ya ce wannan aiki na ƙasashen da suka ci gaba ne kawai, tarihi bai goyi bayansa ba. A nan Afirka ma, a farkon 2018, likitocin Babban Asibitin Kenyatta da ke Nairobi sun shafe kusan sa'o'i 7 suna mayar da hannun wani matashi mai shekara 17 wanda injin yanka ciyawar dabbobi ya datse. Irin injin da irin matashin duk ana samun su a ƙauyukan Jama'a da Zangon Kataf.

Agogo

Tsoka ce ke fara mutuwa idan jini ya yanke. A zafin gari irin namu, gaɓar da ke da tsoka mai yawa, kamar damtse ko sangalin hannu, ba ta wuce kimanin sa'o'i 6 kafin ɓarnar ta zama wadda ba ta gyaruwa. Idan an sanyaya ta yadda ya dace, lokacin na iya kaiwa sa'o'i 12. Yatsa kuwa babu tsoka a cikinsa, shi ya sa yake jure kimanin sa'o'i 12 a zafi, 24 a sanyi, wani lokaci ma fiye da haka nesa ba kusa ba: a 1988 likitoci a Taiwan sun ba da rahoton yatsu 3 na mutum guda da aka mayar bayan sa'o'i 84 da 86 da 94 a cikin sanyi. Hannun da ya cire daga wuyan hannu yana tsakanin waɗannan biyun, domin ƙananan tsokoki ne kawai a tafinsa.

To, a auna wannan da taswira. Daga Kafanchan zuwa Jos, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yake, tafiyar kimanin sa'o'i 2 ce idan hanya ta yi kyau. Zuwa Abuja ta Kwoi da Keffi kimanin 3, a can ne Asibitin Ƙasa yake da cibiyarsa ta kula da waɗanda suka yi mummunan rauni. Kaduna ta Kachiya ta ɗan fi haka, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya na gaba da Kaduna, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano kuma na gaba da Zariya.

A ɗauka a ce hatsarin ya auku da ƙarfe 4 na yamma a wani ƙauye. Sa'a guda kafin a iso Kafanchan. Sa'a guda ana tsayar da jini, ana ƙarin ruwa, ana neman ɗan uwan da zai ba da jini. Wata sa'ar ana cigiyar mota da kuɗin mai. Ga magariba ta yi, kuma mutane da dama ba sa son bin waɗannan hanyoyi da dare. Ko da an tashi nan take, sa'o'i 6 sun cika a daidai lokacin da motar ke shiga Abuja. Matsalar ita ce agogon ba ya tsayawa a ƙofar asibiti. Sai lokacin da jini ya sake shiga hannun yake tsayawa, kuma kafin a kai nan sai an yi hoton ƙashi, an sa mutum barci, an wanke rauni, an kafe ƙashi. Hannun da ya yi wannan tafiya a naɗe cikin tsumma a kan cinyar wani ya riga ya tafi. Wanda ya yi ta a cikin sanyi yana da sauran dama.

Ga yadda ake yi, kuma babu abin da ya gagari ɗan ƙauye a ciki. A fara da mutumin: a danne raunin da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi, a ɗaga dungun sama. Ɗaurin tsayar da jini sai idan dannewa ta gaza, shi ma da abu mai faɗi, ba waya ko siririyar roba ba, a kuma rubuta lokacin da aka ɗaura. Kada a zuba toka ko baƙin mai ko garin magani. Kada a ba shi abinci ko abin sha, saboda allurar barcin da ke jiransa. Sai hannun: a ɗauraye datti a hankali da ruwa mai tsabta ba tare da gogewa ba, a naɗe shi da bandeji ko ƙyalle mai ɗan laima, a sa a leda a ƙulle bakinta sosai, sannan a sa ledar cikin kula ko bokiti mai ruwa da ƙanƙara. Sanyin da ake nema kimanin digiri 4 ne, irin na firji. Ɗora hannun kai tsaye a kan ƙanƙara ko sa shi a firiza na daskarar da naman ya kashe shi, jiƙa shi tsirara cikin ruwa kuma na kumbura shi. Ƙanƙarar ba ta da wuyar samu a gari: mai sayar da ruwan leda da mai kifi duk suna da ita. A kuma tattara kowane guntu, komai ƙanƙantarsa, domin likita na iya ɗaukar fata ko jijiya daga yatsan da ba zai mayu ba ya gyara wani da ita.

Ba kowane hannu ba

Dole a faɗi gaskiya a nan, kada a sa wa iyalai ran abin da ba zai yiwu ba. Yankan da ya fi sauƙin gyara shi ne mai kaifi, irin na adda ko wuƙar inji, saboda ɓarnar ta tsaya a inda ƙarfen ya bi. Wanda aka murƙushe, kamar a tsakanin haƙoran injin niƙa, ya fi wuya. Mafi muni shi ne wanda bel ya fizge, domin jijiyoyin sun miƙe sun yage daga ciki har nesa da bakin raunin. Abin takaici, injunan da suka fi yawa a karkara irin na biyu da na uku suke yi.

Likita kuma na duban mutum gaba ɗaya. Wanda ya zo da rauni a kai ko a ciki, ko ya zubar da jini har ya galabaita, ceton ransa ne gaba. Idan an makara, mayar da hannun kansa hatsari ne: matacciyar tsoka na tara guba, kuma da zarar jini ya ratsa ta ya koma jiki, gubar na iya lalata ƙoda ko ta tsayar da zuciya. Likitan da ya dubi hannu ya ce ba zai mayar ba, sau da yawa ran majinyacin yake karewa. A gefe guda akwai waɗanda ake yin iyakar ƙoƙari a kansu ko da yanayin bai yi kyau ba: ƙananan yara, wanda ya rasa yatsu da yawa, da wanda ya rasa babban yatsa, wanda likitoci ke ƙiyasta shi kaɗai da kusan kashi 40 cikin 100 na amfanin hannu.

Abu huɗu da Bahaushe ke kira jijiya

Hausa ta haɗa abubuwa huɗu ta ba su suna ɗaya, kuma rabe su shi ne rabin fahimtar wannan tiyata. Akwai jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, manya guda 2 ne a wuyan hannu, ɗayarsu ce ake taɓawa a ji bugun zuciya. Akwai wadda ke mayar da jinin, ita ce ake gani kore-kore a bayan hannu. Akwai agara, farar igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi. Sai jijiyar saƙo, wadda ke kai umarnin ƙwaƙwalwa ga tsoka ta kuma dawo mata da labarin zafi da sanyi da taɓawa, manya guda 3 ne ke hidimar hannu. Dukkansu sun tsinke, kuma kowacce da irin ɗinkinta da irin warkewarta.

Yawanci ayari biyu ne ke aiki lokaci guda, ɗaya a kan dungun, ɗaya a kan hannun da ke kan wani tebur. Su wanke, su yanke duk naman da ya mutu, su nemo bakin kowace jijiya su yi mata alama. Daga nan sai a ɗan rage tsawon ƙashin. Wannan kan ba iyalai mamaki, amma da dalili: sai an rage ne lafiyayyun bakunan jijiyoyi za su haɗu ba tare da an ja su ba, kuma ɗinkin da aka yi a ɗame ba ya riƙewa. A kafe ƙashin da waya ko farantin ƙarfe. Sai agara, sama da 20 a wuyan hannu idan aka haɗa na ciki da na baya, kowacce sai an gano abokiyarta. Sai hanyoyin jini, da zaren da ya fi gashin kai siranta. Inda tazara ta yi yawa, a yanko guntun jijiyar jini daga ƙafa a yi gada da shi. Idan lokaci ya ƙure, likitoci kan fara zura siririn bututu su ba hannun jini na wucin gadi kafin su ci gaba da sauran aikin.

Ƙa'idar da ake bi ita ce a gyara hanyoyin mayar da jini fiye da na kawo shi, kusan biyu ga kowace ɗaya, saboda jinin da ya shiga bai sami hanyar fita ba shi ma kashe hannun yake yi. Aikin kan ci sa'o'i 6 zuwa 12, wani lokaci fiye, yana kuma cin jini leda bayan leda. Yana buƙatar wutar da ba za ta ɗauke ba, da mai ba da maganin barci da zai zauna daren gaba ɗaya.

Kwanaki 3 na farko su ne na fargaba. Ma'aikaciyar jinya na duba hannun kowace sa'a: launinsa, ɗuminsa, da saurin dawowar ja idan an danna farce. Ya yi fari ya yi sanyi, hanyar shigar jini ta toshe. Ya kumbura ya yi duhu, ta fita ce. Kowanne ya faru, komawa tiyata ake yi cikin gaggawa. Ana ɗumama ɗakin, ana haramta taba sigari kwata-kwata saboda tana tsuke hanyoyin jini, asibitoci da yawa kuma na hana kofi, wanda a wajenmu ke nufin goro ma ya hau layi. Wani abin mamaki, idan jini ya taru ya ƙi fita, likitoci a Turai da Amurka kan ɗora matsattsaku a kan yatsa ya tsotse, yawunsa kuma na hana jini daskarewa na wasu sa'o'i. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da hakan a 2004. Na ɗakin gwaji ne ake kiwo musamman, ana kuma haɗawa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ba na rafin bayan gari ba ne.

Hannu ya rayu, saura ya yi aiki

Hoton da jaridu ke bugawa shi ne na majinyaci a kan gado, likitoci kewaye da shi suna murmushi. A ranar, hannun nama ne mai ɗumi kawai. Ba ya ji, ba ya riƙe komai.

Jini na komawa cikin daƙiƙoƙi, ƙashi na haɗewa cikin makonni 6 zuwa 8 ko fiye, agara na ƙarfafa cikin kusan watanni 3. Jijiyar saƙo ce ba ta sauri. Ɗinkin da likita ya yi mata na rigarta ta waje ne kawai. Dubban zaruruwan da ke ciki, waɗanda ke ɓangaren da ya yanke, duk mutuwa suke yi, sai sababbi sun tsiro daga dungun sun bi tsohuwar hanya, kimanin milimita 1 a rana. Daga wuyan hannun babba zuwa kan dogon yatsa akwai kusan santimita 18 zuwa 20. A lissafa: wata 6 zuwa 7 ke nan kafin saƙon farko ya isa, idan komai ya tafi daidai. Likita na bin sawun tsiron ta hanyar ƙwanƙwasa fata a hankali. Inda majinyaci ya ji wani tsir kamar na lantarki, nan jijiyar ta iso. Wani likitan Faransa, Jules Tinel, ya bayyana wannan alama a 1915 a kan sojojin da suka yi rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Wannan lissafi ne ya sa wurin da hannu ya yanke ke da muhimmanci. Manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu da miƙe su a sangalin hannu suke, agara ce ke ja daga nesa kamar linzami. Wanda ya yanke a wuyan hannu, waɗannan tsokoki da jijiyoyinsu suna nan lafiya, don haka damƙa na iya dawowa da wuri. Ƙananan tsokokin tafi, masu aikin sa maɓalli da zura zare a allura da ƙirga kuɗi, su ne ke jiran jijiya, kuma tsokar da ta wuce shekara zuwa shekara da rabi ba ta sami saƙo ba takan shanye ba ta dawowa. Wanda ya yanke sama da gwiwar hannu, tafiyar jijiyar ta yi nisa, sakamakon kuma bai cika kai na farko ba.

Watannin jiran nan su ne na likitan gashi da mai koyar da ayyukan hannu. Tabo ba ya bambance agara da ƙashi da fata, yana manne su wuri guda, kuma hannun da aka bari a kwance wata 2 zai sandare. Motsa shi da ƙarfi kuma na tsinka ɗinki. Tsakanin waɗannan biyun ake tafiya: a ɗaure hannun a wani makari da aka ƙera daidai da shi, a riƙa motsa yatsu gwargwadon awo, ana ƙarawa mako bayan mako. Nan ne al'adar zuwa wajen mai ɗori ko mai tausa ke zama hatsari, domin ja da murzawar da ya saba yi wa karaya na iya warware aikin dare guda cikin minti guda. Hannun da ba ya ji kuma ba ya kare kansa. Yakan ƙone a jikin tukunya ko salansar babur, mai shi bai sani ba sai ya ga ƙuna.

Ko jijiyar ta iso, da sauran aiki, domin zaruruwan ba sa komawa gidajensu na asali daidai. Wanda a da ke kawo labarin dogon yatsa yana iya sauka a manuni. Sai a taɓa wannan yatsa, mutum ya ji a wancan. Dole ƙwaƙwalwa ta sake koyon karatun hannun kamar baƙon harshe. Ana ba majinyaci makulli ko tsabar kuɗi ko auduga ya shafa yana kallo, sannan ya rufe ido ya shafa, ya buɗe ya gwada abin da ya ji da abin da ya gani. A zuba wake da shinkafa a kwano a ɓoye ƙusa a ciki a ce ya lalubo. Zafi da sanyi ne ke fara dawowa, sai jin abu mai motsi a kan fata, tantance siffar abu kuma a ƙarshe, idan ta zo. Yara kan yi fice a nan, babba kuwa da wuya ya koma kamar da. Kusan kowa na kokawa da sanyi: hannun kan yi zugi ya ƙage idan iska ta kaɗa, abin da mazaunin gindin duwatsun Kagoro zai sani sosai a watan Disamba. Da yawa kuma sai an sake musu tiyata ta biyu ko ta uku, a saki agarar da ta manne ko a juya wata ta yi aikin tsokar da ta shanye.

Chen Zhongwei na Shanghai ya bar wa likitoci ma'auni mai hawa 4 da har yau ake amfani da shi. Hawa na farko, mutum ya koma ainihin aikinsa. Na biyu, ya koma wani aikin da ya dace da shi. Na uku, yana iya hidimar kansa ta yau da kullum. Na huɗu, hannun ya rayu amma ba ya amfanar da komai. Abin sha'awa a ma'aunin shi ne da aiki ya fara auna nasara. Ko hawa na uku ba abin rainawa ba ne a ƙasar da hannun roba mai motsi ya fi ƙarfin aljihun talaka, kuma mafi tsadarsa ma ba ya jin ɗumin kwanon tuwo. A al'adar da ake ci da dama, a gaisa da dama, a miƙa wa babba abu da dama, mai dungu na biyan wani harajin da ba a rubuta a takardar asibiti. Hatta zanen yatsa na dawowa tare da hannun, abin da duk ma'aikacin da ya taɓa bin layin tantancewa ko na banki zai san darajarsa.

Rabon Abuja

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da mayar da Asibitin Tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, bayan ƙudurin da Sanata Sunday Marshall Katung mai wakiltar Kaduna ta Kudu ya gabatar. Ma'anar wannan ita ce kasafin asibitin da guraben ma'aikatansa yanzu ta teburorin Abuja za su riƙa bi.

Kuskure ne a ce lallai sai sabuwar cibiyar ta fara mayar da hannu gobe. Ayarin da ke yin irin wannan tiyata sau ɗaya a shekara ba zai gwanance ba, kuma ƙwararrun ba su da yawa. Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata. Abin da ya fi dacewa da Kafanchan shi ne farkon zancen da ƙarshensa. A farko: ma'aikatan sashen gaggawa da suka san yadda ake sanyaya gaɓa, ma'ajiyar jini, motar asibiti mai mai a tanki, da yarjejeniya da wani babban asibiti guda, ta yadda za a aika hoton raunin ta WhatsApp likitan can ya ce a taho ko kada a taho, a kuma shirya ɗakin tiyata tun motar na hanya. A ƙarshe: sashen gashi mai ma'aikata. Majinyaci na buƙatar zuwa sau da yawa a mako har tsawon watanni, kuma manomin Godogodo ba zai iya zirga-zirgar Abuja haka ba. Gini da manyan na'urori ne ake yanka ƙyalle a gabansu, shi ya sa suka fi saurin shiga kasafi. Gurbin likitan gashi guda 2 ba ya fitowa a talabijin, amma shi ne ke raba hawa na biyu da na huɗu.

Dokokin ma suna nan. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, da tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Dokar ta kuma ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, kashi 5 cikin 100 na asusun kuma na kulawar gaggawa ne, wanda a kansa aka gina shirin motocin asibiti na NEMSAS. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu hatsari, aikin da mai walda zai gama cikin yini guda a kan injin niƙa.

Sai Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, kuma ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni. Mai ɗaukar aiki na zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ita kuma hukumar ta ɗauki nauyin magani da gashi da diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Akwai wa'adi: ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai aikin cikin kwana 14, mai aikin ya sanar da hukumar cikin kwana 7, a kuma shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda. Direba ko makanikin ma'aikata da ya kiyaye waɗannan ranaku yana da madogara. Yaron da ke tura masara a injin kawunsa a Fadan Kagoma kuwa ba ya cikin jadawalin albashin kowa. Kuɗin tiyatarsa da na motar zuwa gashi daga buhunan cittar gidansu za su fito, cittar da annobar 2023 ta ruɓar da ita a gonaki da dama na yankin.